Butar da Na Miƙa wa Jikata

Ni ne na yi kuskure, ba yarinyar ba. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada mai karatu ya zauna jiran inda zan wanke kaina. Jikata ce, ɗiyar babban ɗana, budurwa mai zuwa kwalej a nan Filinge, kuma na kunyata ta a gaban jama'a saboda yadda take magana. Na daɗe ina juya abin a raina ina neman wanda zan raba laifin da shi, ko zamani, ko lakkwal, wato makarantar boko, ko wayar nan da ba ta barin hannunsu. Ban samu ba. Da na bi sawun abin a hankali sai ya kai ni can baya, wata gona a ƙasar Kurfai, lokacin da ni ma nake da irin shekarunta.

A ƙauyenmu taɓarya ke tashin mutane. Kafin gari ya waye sosai za ka ji mata sun fara daka, wannan gida yana amsa wa wancan, zabi suna kuka a bayan danga, jakuna suna jiran a ɗora masu salka. Aikin samari shi ne rijiya. Tamu mai zurfi ce, igiya ta ci itacen da aka gitta a bakinta har ta yi masa kwari-kwari, hannuwanmu ma haka. A wurin nan kowa ke haɗuwa: Fulani da shanunsu, Buzaye da raƙuma, Zabarmawa masu tahowa daga kudu, da mu. In guga ya taso cike, saniya tana tura ka ta baya, ga wani yana ce maka ka matsa, ba ka da lokacin zaɓen kalma. Wadda ta fara zuwa bakinka ita za ka jefa, ta Hausa ce ko ta Zabarmanci, kuma a fahimce ka. Ba mu ba wannan magana wani suna ba. Magana ce kawai, kamar yadda ruwan rijiyar yake ruwa.

A cikin gida ma ina da wadda ke yi mani irinta. Kakata, uwar mahaifiyata, Bazabarma ce mutuniyar wajen Imanan, ta dawo hannun ɗiyarta bayan mijinta ya rasu. Takan fara zance da Hausa ta ƙare shi da Zabarmanci, ba ta ma san ta sauya ba. Fura a bakinta doonu ce, ruwa hari ne, ni kuma haama, wato jika. A ɗakinta na yi ƙuruciya. Ita ke ɓoye mani ƙanzo a ƙarƙashin faifai, ita ke cire mani ƙaya in na dawo daga kiwo, tana cirewa tana yi mani tsiya cewa ta yi asarar miji, rago ne mai kuka don ƙaya ɗaya. Ni kuma in rama da irin bakinta, in ce tsohuwar mata ce da ba ta iya dama doonu ba, zan sake ta in auro yarinya. Sai ta yi dariya har tari ya kama ta.

Mai gidanmu shi ne wan mahaifina, muna ce masa Baba Babba. Ya yi karatun allo a wajen Sakkwato ya dawo da Hausa tsaf, kuma yana ji da ita. Ba mugun mutum ba ne. Ya ciyar da marayu, kuma ban taɓa ganin ya ci abinci baƙo yana kallo ba. Amma yakan ce mu mutanen gida ne, ba ƴan tasha ba, kuma duk wanda ya ji bakin yaro ya san gidan da ya fito. In ya ji an cakuɗa magana sai ya ɗaure fuska. Kaka kam ba ya iya ce mata komai, suruka ce kuma tsohuwa. Mu ne yake kallo.

Wata damina ya kira gayya a babbar gonarsa. Samarin ƙauyuka kusa da mu suka zo da hauyoyinsu masu dogayen ƙota, aka jera, mai ganga yana biye da mu yana zuga duk wanda ya wuce sahu. Ban taɓa jin ƙarfi a jikina kamar ranar ba. Da rana ta take, ƴan mata suka iso da ƙoren fura a ka, aka sauka a inuwar gawo. Baba Babba yana zaune gefe da wasu baƙi, abokan karatunsa da suka biyo hanya, sai ya yafito ni in kai masu fura. Na durƙusa na aje ƙwarya, ina haki, na ce ga doonu nan su sha, a ga boori, wato tana da kyau. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi murmushi ya tambayi Baba ko yaron nan ɗan gida ne ko bara ne aka ɗauko. Baba ya ɗauki butar alwalarsa ya miƙo mani.

"Tahi can ka kurkure bakinka, ka dawo ka hwaɗi abin da ka kawo."

Na je na kurkure. Ina jin ruwan yana da ɗumi don buta ta sha rana. Na tofar a kan ƙasar da muka nome, na dawo na ce ga fura. Ganga ta tsaya, samari suna kallo, ƴan mata suna rufe baki da gefen zane. A cikinsu akwai wadda nake so, ita ma ta yi dariya. Ba a buge ni ba, ba a zage ni ba, amma har yau in na ji warin butar da ta sha rana sai wuyana ya yi zafi.

Dā can a lakkwal, ƴan shekarun da na yi, mushe, wato malamin aji, yakan rataya wa yaro ƙashin jaki a wuya in ya yi Hausa a cikin aji. Wannan bai dame mu sosai ba, don mun san na Nasara ne, muna fita ƙofa muke zubar da shi. Na gonar nan kuwa daga gida ya fito. Daga ranar samarin ƙauyenmu suka samu abin wasa. Duk wanda kalmar Zabarmanci ta kuɓuce masa sai a ce a kawo buta. Ni da aka fara yi wa na fi kowa zafi a kai, don in ina nuna wani ba a tuna da ni. Muka koyi jin kunyar maganar rijiya. Muna yin ta a can don dole, in mun doso gari mu haɗiye ta. A gida kuma na daina amsa wa Kaka da bakinta. In ta ce haama, in ce na'am Kaka, in tsaya tsaye kamar gaban alƙali. In ta ja ni da wasa in ce ina da aiki. Ta yi ta gwadawa har ta gaji. Wata rana da hantsi tana tsince wake, na kawo mata ruwa, ta dube ni ta ce, "An wanke maka baki, haama, har da ni aka tofar." Na ɗauka maganar tsofaffi ce. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Na girma, na koyi ɗinki, na zauna da kekena a unguwar kasuwa ta Filinge har idona ya raunana. Duk tsawon nan ana yaba mani Hausa, ni kuma ina jin daɗi. Ƴaƴana sun san ba a cakuɗa mani magana. Babban ɗana ya auro ƴar Bonkuku, Bazabarma mai kunya da haƙuri, ita ce uwar jikar da nake faɗi. Yarinyar nan ta tashi da Hausar ubanta, da Zabarmancin uwarta, da Faransancin lakkwal, kuma ita kaɗai ce a gidan ba ta jin tsorona. Tun tana rarrafe nake ce mata amaryata, ita kuma tsohon mijina. Ita ke kawo mani fura, ita ke zura mani zare a allura tana cewa ta auri makaho. Bakinta yana cakuɗe ina ji, amma a cikin gida nakan kau da kai, don dariyarta tana tuna mani wata dariya da na daɗe ban ji ba.

Ranar sunan ƙanenta na ƙarshe ne abin ya faru. An cika zaure da ƙofar gida, ga dangi daga Abala, ga wani ɗan uwanmu da ya daɗe a Kano yana kasuwanci, ya zo da babbar riga da Hausarsa ta can. Yarinyar ta shigo kwashe ƙore, ta tsaya a kaina ta ce, "Tsohon mijina, ka gama da doonu ɗin nan? Yi sauri siltepile, ay ga koy." Nufinta in hanzarta don Allah, tafiya za ta yi. Mutumin Kano ya yi dariya ya ce shi fa bai san wane yare ake yi a gidan nan ba, ko sai an nemo masa tafinta. Wasa yake yi, na sani. Amma wuyana ya yi zafi irin na gonar nan. Butata tana gefen tabarma. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne kawai ya ɗauke ta ya miƙa, bakina kuma ya faɗi maganar Baba Babba ba ragi.

Da ta yi kuka ko ta ruga cikin gida, da abin ya zo mani da sauƙi. Ba ta yi ba. Ta karɓi butar da hannu biyu, ta fita bakin zaure inda kowa ke gani, ta kurkure, ta tofar, ta dawo ta durƙusa ta ce, "Kaka, ka gama shan fura?" Ta kwashe ƙore ta tafi. Wasu suka yi dariya, wani dattijo ya ce haka ake tarbiyya. Na gyara zama ina jin na yi abin kirki.

Daga ranar na rasa amarya. Tana zuwa gaishe ni kowace safiya, ta durƙusa, ta tambayi kwanana da Hausar da ko Baba Babba ba zai sami abin gyarawa ba, ta tashi. Fura tana iso mani a kan lokaci. In na ce amaryata, sai ta ce na'am Kaka. In na miƙa allura, ta zura ta miƙo ba tsiya. Uwarta ma ta rage magana. Na lura in na yi gyaran murya a zaure, hirar tsakar gida sai ta mutu kamar an zuba wa wuta ruwa. Na ce wa kaina fushin yara ne, zai wuce. Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, sanyi ya zo ya tafi, bai wuce ba.

A gefen tsohon shagona akwai samari masu fada, wato wurin zaman hira, suna dafa shayi da la'asar bayan sun taso daga lakkwal. Dā nakan wuce su ina tsaki don maganarsu. Yanzu sai na fara jan kujera kusa, har wata rana na tambaye su kai tsaye me ya sa suke magana haka. Suka dubi juna. Ɗaya mai wayo ya ce su ai suna da baki iri-iri: na mushe daban, na tsofaffi daban, na fada daban, kuma in sun hango irina suna sauyawa kamar yadda ake tuɓe takalmi a ƙofar masallaci. Na ce to wanne ne nasu? Ya ce na fada mana, sauran na aro ne. Wani siriri ya ce shi kam ba ya so, don da ya je hutu Yamai an yi masa dariya, Zabarmawa sun ce Zabarmancinsa na Hausawa ne, Hausawa sun ce Hausarsa ta ƙauye ce, shi ya sa yanzu in ya ga baƙo Faransanci yake yi ko ya yi shiru. Sauran suka yi masa caa, suna ce masa ɗan birni na mako guda. Mai dafa shayin ya ce uwarsa Bazabarma ce, ubansa Bakurfaye, in an ce ya zaɓi harshe ɗaya to a gaya masa wanne daga cikin iyayen zai mayar. Suka yi dariya suka miƙo mani kofi. Na ga ba kansu ɗaya ba. Akwai mai alfahari, akwai mai jin kunya, akwai wanda bai taɓa tunanin abin ba sai da na tambaya. Bambancinsu da mu shi ne suna gardamar a fili suna dariya, mu kuwa a ɓoye muka ji kunyarmu, kuma babu wanda ya taɓa tambayarmu.

Duk da haka ban motsa ba. Abin da ya motsa ni a gidana na gan shi. Wata safiya ina zaure ina jan carbi, wani ƙanen yarinyar, wanda bai daɗe da shiga lakkwal ba, ya fito yana kiran uwarsu da Zabarmanci yana neman ruwa. Sai na ji muryar jikata, a sanyaye, tana ce masa ya ɗauki buta ya je ya kurkure bakinsa, a gidan nan ba a yin wannan maganar. Na leƙa. Yaron yana tsaye da buta yana kallon uwarsa. Uwar tana bakin murhu, ta juya baya, tana ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Harshen da ta yi masa wasa da shi yana goye ne aka ce ya tofar, kuma ɗiyarta ce ta faɗa, kuma ni na koya mata. Nan take na ga Kaka da wakenta a faifai. Na gane abin da ta gaya mani, bayan duk waɗannan shekaru, ina tsoho mai furfura a bakin zaure.

Na kira ɗana na ce masa zan roƙi yarinyar gafara, kuma a gaban mutane zan yi, tunda a gaban mutane na yi ɓarnar. Ya ce haba Baba, a ina aka taɓa yin haka, in saya mata turmin zane ko in ba ta ƴar akuya, za ta gane. Abokina na masallaci, wanda muka tsufa tare, ya fi shi zafi. Ya ce babba ba ya durƙusa wa jika, in na yi haka gobe babu yaron da zai ji maganata, kuma ma Hausar ba ta cancanci a tsare ta ba? Na ce ta cancanta, har gobe ina son yaran nan su iya ta tsaf, kuma sun iya, yarinyar tana gaishe ni da ita kullum kamar tana miƙo mani garwashi. Zane kuwa, na ce, Baba Babba ya ɗinka mani riga bayan gayyar nan, na sa ta har ta yage, ba ta cire mani komai ba. Ya ce na rikice. Na ce wataƙila, amma zan yi.

Na jira azumi ya wuce. A wurinmu ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, yara da matasa kan bi manya gida-gida su durƙusa su ce a yafe masu abin da suka yi a shekara, babba ya ce ya yafe ya sa albarka. Kullum daga ƙasa zuwa sama abin ke tafiya. Tun ina yaro ban taɓa ganin ya gangaro ba. Na zaɓi ranar don dangin da suka ga na miƙa buta yawancinsu za su zo, har mutumin Kano ya zo Sallah gida.

Zaure ya cika. Na sa aka kira surukata ta tsaya daga bakin ƙofa, ta zo tana mamaki da mayafi a fuska. Jikoki suka shigo da sababbin kaya, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kanta ta sunkuya za ta durƙusa, na riƙe hannunta na ce ta tsaya. Na dafa bango na sauko daga kujera zuwa tabarma. Gwiwoyina suka yi ƙara, ɗana ya yunƙuro zai tare ni, na ɗaga masa hannu. Na jawo butar nan na aje a tsakaninmu. Ban san ko za ta yafe ba, wannan nata ne, kuma na riga na yanke cewa ko ba ta yafe ba gobe ma zan sake faɗa. Bakina ya yi nauyi, don kalmomin da nake nema sun daɗe a rufe, amma suna nan inda Kaka ta bar su. Na ɗaga kai na dube ta na ce:

"Haama, ranar suna na ba ki butar ga, na ce ki wanke bakinki. Bakinki ba shi da dauɗa. Maganar uwarki ce a ciki, da ta kakata, da taki. Ni aka yi ma haka ina yaro, na san zahinsa, kuma na ɗauka na yi maki. Ba ki yi laihi ba, ni na yi. Ke ma ɗiyata da ke bakin ƙofa, ki ji, da ke nake. Kada a sake ba yaro buta a gidan ga don magana. Amaryata, tsohon mijinki ya yi wauta. Alhanan. Ma yaafa ay se. Ki yahe mani."